Me yasa firogiram ɗina yake raba Sabon Gari gida biyu?

Wa'alaikumus salam ƙanena, sannu da ƙoƙari. Bari in maimaita tambayarka a taƙaice saboda wanda zai karanta daga baya. Kace ka rubuta ɗan firogiram da Python don lissafin cinikin shagon baffanka a Kantin Kwari, yana karanta fayil ɗin CSV ya fitar da abinda 'yan sarin kowace kasuwa suka ɗauka, kana bashi sunan fayil da sunan kasuwa a tamina, wato allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni, kana ɗaukowa da sys.argv[1] da sys.argv[2]. In ka rubuta Kurmi lafiya lau, in ka rubuta Sabon Gari sai yace babu wannan kasuwar, in kuwa yaron shago ya manta bai saka komai ba sai saƙon kuskure na IndexError ya cika masa allo. Shine kake tambaya ko ka koma amfani da input() kawai ka huta.

Kar ka koma tukuna. Matsalar taka ƙarama ce, amma akwai abu ɗaya a ƙarƙashinta wanda in ka gane shi yau to ka rabu da rabin wahalar tamina har abada, shine firogiram ɗinka bai taɓa ganin layin da ka rubuta ba, ko sau ɗaya. Akwai ɗan aike a tsakaninku, shi ake kira shel, a Linux yawanci bash ne, a Mac na yanzu zsh, a Windows kuma cmd ko PowerShell. A Linux da Mac kana danna Enta shel zai ɗauki layin nan ya yayyanka shi gunduwa-gunduwa duk inda ya ga fili tsakanin kalmomi, sai ya miƙa wa firogiram gunduwoyin a jere, su ne ake ce wa agumen. Don haka da ka rubuta

```
python lissafi.py ciniki.csv Sabon Gari
```

abinda ya iso hannun Python shine

```
['lissafi.py', 'ciniki.csv', 'Sabon', 'Gari']
```

Kaga kenan sys.argv[2] ɗinka Sabon ne kawai, Gari yana can a lamba 3 ba wanda ya waiwaye shi, kuma gaskiyar firogiram ne da yace babu kasuwa mai suna Sabon. Maganin wannan ba a cikin kod yake ba, a wajen rubutawa ne, ka saka sunan a tsakanin alamar zance, "Sabon Gari", shel zai cire alamomin ya miƙa shi a dunƙule. Ka lura kuma lamba 0 sunan fayil ɗin firogiram ɗin ne da kansa, wannan gado ne daga yaren C wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs farkon shekarun 1970, inda main ke karɓar argc, wato adadinsu, da argv, wato jerin nasu. Python ya ari sunan ne kai tsaye. Duk ranar da abu ya rikice maka kafin ka taɓa komai ka saka print(sys.argv) a layin farko ka ga abinda ya iso da idonka, ni har yau da shi nake farawa.

Mu nan Kano kuma muna da wata matsalar da littattafan Turawa basa damuwa da ita sosai, alhamza. Rabi'u, Sa'adatu, 'Yankaba, Na'ibawa, duk sunayenmu ne na yau da kullum, ita kuwa wannan 'yar alamar a wajen bash buɗe zance ce. Ka rubuta Rabi'u tsirara ka danna Enta sai kaga tamina ta sauko sabon layi da alamar > ta tsaya cak, mutum ya ɗauka kwamfutar ce ta maƙale, alhali jira take ka rufe zancen da ka buɗe. Danna Ctrl da C ka fito, ka sake rubutawa "Rabi'u" da alamar zance mai tagwaye. A cmd na Windows alhamza bata da wata ma'ana ta musamman shi yasa zai yi aiki a kwamfutar shago ya ƙi yi a taka, ko a Termux in a waya kake koyo. Tunda na ambaci waya, ka kiyaye kwafo umarni daga WhatsApp ko Word, wasu kibod ɗin da Word suna maida alamar zance mai lanƙwasa, karan ɗori biyu kuma su haɗe su su zama dogon layi ɗaya, a ido kamar daidai amma shel bai san su ba. Na taɓa zama kusan awa guda da wani ɗalibi muna duba kod ɗin da babu laifin komai a cikinsa, ashe dogon layin nan ne.

Haka ma tauraro. In ka rubuta *.csv a bash firogiram ɗinka ba zai ga tauraron ba, shel ne zai duba folda ya jero sunayen duk fayilolin da suka dace ya miƙa su ɗaya bayan ɗaya, in guda 12 ne agumen 12 zasu iso. Shi kuwa cmd baya yin wannan aikin, tauraron zai miƙo maka yadda yake, sai kai ka buɗe shi da glob a cikin Python. A gaskiya ma Windows layin gaba ɗaya take miƙa wa firogiram a matsayin rubutu guda, shi firogiram ɗin ne ke yankawa tun kafin kod ɗinka ya fara, kai dai jerin kake gani a ƙarshe.

To yanzu maganar IndexError. Zaka iya cewa bari in duba len(sys.argv) in bai kai 3 ba in buga saƙo, kuma zai yi aiki yau. Amma na san inda hanyar nan take zuwa don na bi ta. Sati mai zuwa baffa zai ce yana son na wata ɗaya kawai, ka ƙara na uku, sannan a ce a cire ragin da aka yi wa manyan kwastomomi, na huɗu, sai ranar da ake son ragi ba a son wata, ka rasa me zaka saka a gurbi na uku, daga nan if ta hau kan if har kai da ka rubuta ka kasa tuna wanne ke gaba da wanne, balle yaron shago da ke fama da layin masu sayen atamfa. Wannan aikin an riga an gama shi tuntuni, a C akwai getopt, a Python kuma argparse, yana cikin Python tun 2.7 da 3.2, ba sai ka sauke komai ba ko data ka ƙona. Ga yadda naka zai kasance:

```
import argparse

def main(argv=None):
    p = argparse.ArgumentParser(
        description="Lissafin cinikin shago",
        allow_abbrev=False)
    p.add_argument("fayil", help="fayil ɗin CSV na ciniki")
    p.add_argument("-k", "--kasuwa", help="misali \"Sabon Gari\"")
    p.add_argument("--wata", type=int, choices=range(1, 13))
    p.add_argument("--cire-ragi", action="store_true")
    a = p.parse_args(argv)
    print(a.fayil, a.kasuwa, a.wata, a.cire_ragi)

if __name__ == "__main__":
    main()
```

Sai a kira shi haka:

```
python lissafi.py ciniki.csv --kasuwa "Sabon Gari" --wata 3
```

Duba abinda ka samu a 'yan layukan nan. Agumen iri biyu ne, akwai na gurbi kamar fayil, wanda matsayinsa a layi ne ke nuna ko shi waye kuma dole a kawo shi, akwai kuma masu suna da ke farawa da karan ɗori, su ko'ina ka ajiye su daidai ne, in ka bar su ma ba laifi. In yaro ya manta sunan fayil ba zai ga jan rubutu mai tsoratarwa ba, zai ga ɗan gajeren saƙo, yadda ake amfani da abin da kuma abinda ya rage bai saka ba. In ya rubuta wata 13 za a ce masa daga 1 zuwa 12 ne. In ya rubuta -h ko --help bayanin komai zai fito ba tare da ka rubuta shi daban ba. Ka lura --cire-ragi ya koma a.cire_ragi a cikin kod, argparse ne ke maida karan ɗorin tsakiya ya zama na ƙasa tunda Python baya yarda da karan ɗori a suna. Shawarata ita ce na gurbi kar su wuce ɗaya ko biyu, duk sauran ka basu suna, wanda ya ga --wata 3 ya san me ake nufi, wanda ya ga 3 ita kaɗai sai ya tambaya.

Shi harafi ɗaya da karan ɗori ɗaya irin -k tsohuwar al'adar Unix ce, dogon suna da karan ɗori biyu kuma mutanen GNU ne suka yaɗa shi, Windows tun zamanin DOS da karkataccen layi take yi kamar dir /w. Zaka haɗu da waɗanda suka bauɗe, find yana da -name, yaren Go ma haka nasa yake da karan ɗori ɗaya, amma kai a sabon aiki ka bi na GNU, shi hannun mutane ya saba da shi.

Yanzu ga wurin da nake so ka nutsu sosai. Duk abinda ya shigo ta layin umarni rubutu ne zalla, ko da lamba ka rubuta. 3 ɗin da ka gani ba uku bace harafin "3" ne, sai ka ce type=int sannan ta zama abin lissafi. To sai mutum ya ga haka ya ɗauka duk abinda ya yi kama da lamba int za a saka masa, nan ake faɗawa rami. Lambar waya ba abin lissafi bace. Lambobinmu guda 11 ne kuma da sifili suke farawa, ka maida 080 da sauransu int sifilin farko ya tafi, saura 10, in da +234 aka rubuta alamar tarawar ce zata ɓace. Haka lambar asusun banki mai guda 10, da yawa da sifili suke farawa. Waɗannan ka bar su a rubutunsu ka duba tsawonsu da kanka. Kuɗi kuma mutanenmu 1,500 suke rubutawa da waƙafi, int zai ƙi karɓa, kuma ban son float a harkar kuɗi saboda 0.1 da 0.2 a float basa bada 0.3 cif, Decimal ya fi. Sai dai kar ka saka type=Decimal kai tsaye, in aka bashi shirme irin kuskuren da yake jefowa argparse baya kama shi, jan rubutun nan zai dawo. Ka rubuta ɗan aikinka:

```
from decimal import Decimal, InvalidOperation

def kudi(s):
    try:
        return Decimal(s.replace(",", ""))
    except InvalidOperation:
        raise argparse.ArgumentTypeError("wannan ba adadin kuɗi bane: " + s)
```

sai ka ce type=kudi, kaga har saƙon ya fito da Hausa. Kwanan wata ma ka tsayar da tsari ɗaya, shekara, wata, rana, kamar 2024-03-04, ka bada type=date.fromisoformat, don 03/04 a wajenmu uku ga Afrilu ce a wajen mutumin Amurka kuwa huɗu ga Maris, kuma wasu manhajojin da tsarin Amurka suke zuwa.

Wanda ya fi duka haɗari shine type=bool, kuma wannan a kaina ya faru. Shekarun baya na rubuta wa wani ɗan kasuwa abin tura saƙon tes ga waɗanda yake bi bashi, na saka --aika da type=bool da nufin in an rubuta False ya nuna saƙonnin a allo kawai kar ya tura. Ranar gwaji bayan la'asar muna zaune a shagonsa, fayil ɗin da ke hannunmu tsoho ne na watan baya, na rubuta --aika False na danna Enta ina jiran in ga jeri a allo. Ko minti biyu ba a yi ba wayarsa ta fara ƙara, wani dattijo ne da ya biya kuɗinsa tun sati uku da suka wuce yake tambaya cikin ɓacin rai ko an ɗauke shi maci amana ne. Mai shagon ya miƙe tsaye yana bashi haƙuri, yana gamawa wani kiran ya shigo. Har magariba muna kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma abin ya dame ni ƙwarai don mutuncin mutane na taɓa, a kasuwa kuwa da mutunci ake bada kaya bashi. Dalilin shine a Python bool na kowane rubutu True ne in dai ba fanko bane, bool("False") True ne, bool("a'a") True ne, bool("0") ma True ne. Shi yasa a misalin sama kaga action="store_true", in an ambaci sunan ya zama eh, in ba a ambata ba a'a, babu wata kalma da za a biyo shi da ita. Daga Python 3.9 akwai BooleanOptionalAction in kana son --aika da --no-aika duka biyun. Tun ranar nan kuma duk abinda zai tura saƙo ko ya goge fayil ko ya taɓa kuɗi, in aka kira shi haka kawai to nunawa zai yi ya tsaya, sai an rubuta --aika da hannu sannan ya aikata. Don Allah naka ma ka gina shi haka.

Wancan allow_abbrev=False da na saka ba ado bane. In ba ka hana ba argparse yana karɓar guntun suna, mutum ya rubuta --kas ya gane --kasuwa ake nufi, yaran shago su saba da hakan, ranar da ka ƙara --kashi sai --kas ya zama mai harshen damo, abinda ke aiki jiya ya tsaya yau ba wanda ya san dalili. Tun 3.5 ake iya kashe shi, ka kashe tun yanzu.

Haruffanmu masu lanƙwasa kuma, ƙ da ɗ da ɓ, Python 3 yana karɓarsu lafiya, amma ba kowane kibod ke da su ba, don haka sunan zaɓi ka rubuta --kudi, in kana so ka ƙara --kuɗi a matsayin suna na biyu, argparse yana yarda da suna fiye da ɗaya. Inda zaka sha wuya a cikin bayanan ne, wani ya rubuta Ƙofar Wambai wani Kofar Wambai wani kofar wambai, a wajen kwamfuta kasuwa uku ce daban. Kafin ka kwatanta ka maida duka ɓangarorin biyu ƙananan haruffa, ka sauya masu lanƙwasa zuwa k da d da b, ka share filin gaba da baya. Ka duba ma ko wannan na cikin abinda ke cinye maka lissafi yanzu ba ka sani ba.

Wasu ƙanana da zaka ci karo da su: in sunan fayil ya fara da karan ɗori, kamar -tsoho.csv, za a ɗauke shi zaɓi ne, sai ka saka karan ɗori biyu su kaɗai kafin shi, -- -tsoho.csv, ma'anarsu zaɓi ya ƙare duk abinda ya biyo baya na gurbi ne, rm da cp da argparse duk sun san wannan. In ƙimar zaɓi ce ta fara da karan ɗori ka haɗa su da alamar daidai, --bayani=-komai. In zaka saka alamar % a cikin help ka rubuta ta sau biyu, in ba haka ba tana iya fasa maka --help ɗin gaba ɗaya. Kalmar sirri kuwa ko ta imel ko makullin kamfanin tura tes kar ka taɓa karɓarta a layin umarni, tana zama a tarihin shel, duk wanda ya zauna a kwamfutar shagon ya danna kibiyar sama zai gani, a Linux ma umarnin ps na nuna ta ga sauran masu amfani da na'urar muddin firogiram na gudana. Ka ajiye ta a fayil daban ko ka tambaya da getpass.

Sai input() da ka tambaya. Ba haramun bane, in mutum ne zai zauna gaban allo kullum yana amsawa zai yi. Amma ranar da baffa yace yana son rahoton ya fita da kansa kowane dare bayan an rufe kasuwa, zaka saka shi a cron ko Task Scheduler, masu kunna firogiram da kansu a lokacin da aka tsara, a can kuwa babu mai amsa tambaya, ko ya tsaya yana jira ko ya faɗi. Mai agumen kuwa layi ɗaya ne ka ajiye, ka maimaita shi sau ɗari, ka tura wa wani ya manna. Kuma argparse in ya ƙi karɓar abu yana fita da lamba 2, in komai ya tafi daidai 0, da wannan lambar wani firogiram ke gane ko ya ci gaba ko ya tsaya, ka gwada echo $? a bash bayan ka kira shi zaka gani. Kai ma in ka duba ka ga fayil ɗin babu shi ka kira p.error da saƙonka, kar ka yi print ka wuce kamar ba abinda ya faru.

In aikin ya girma har ya zama akwai lissafi daban, bashi daban, shigar da kaya daban, lokacin sai ka duba add_subparsers, irin yadda git ke da commit da push kowanne da nasa zaɓin. Akwai Click da Typer ma masu kyau ne amma sai an sauke su, a kwamfutar shago da ba kullum take da intanet ba ni argparse zan tsaya a kai. Shi kuma argv=None da na saka a main amfaninsa gwaji, zaka iya kiran main(["ciniki.csv", "--wata", "3"]) daga wani fayil ba sai ka buɗe tamina ba.

In ka gama gyarawa kar ka gwada da kanka kawai, kai ka riga ka san abinda yake so. Ka kira yaron shagon da IndexError ta tsorata ka zaunar da shi, kar ka ce masa komai banda ya rubuta --help, sannan ka ce ya fitar maka da cinikin 'Yankaba na watan 3, kai ka tsaya a bayansa ka yi shiru. Duk inda ya tsaya yana sosa kai ka rubuta a takarda, wurin ne bayaninka bai fito ba. In wani abu ya ƙi kuma ka turo min layin da aka rubuta daidai yadda yake da abinda print(sys.argv) ya nuna, ka faɗa min ko cmd ne ko PowerShell ko Termux, in sha Allah zamu gano shi.